Ranar da Wayata Ta Mutu a Hanyar Saji

Talata, 8 ga Yuli, 2025

Kai da ka buɗe littafin nan ban ba ka ba, tunda ka riga ka buɗe, amsa min. Mutumin da ya yi damina biyu yana kai mata masu naƙuda asibiti kyauta, shi ne zai san ana iya kiransa ya kashe waya? Ka taɓa ganin haka? To abin da aka ce na yi ke nan. Ni, Ramalan.

Bari in rubuta tun yana da zafi, kafin bakin mutane ya sake masa kama.

A tasharmu ta Rano mu biyu ne direbobin gaggawa a layin Kibiya, ni da Jabiru. Jar sitika ce a gilashin gaba. In haihuwa ta zo wa mace da gardama a ƙauye, ma'aikaciyar lafiya ta kira ka, ka sauke fasinja ko a ina kake ka tafi. Ladanka yana wajen Allah, sai kuma in ka dawo ba ka bin layi, kai ne da lodi. Ni ba don lodin na shiga ba, ko Jabiru zai ce don shi ne.

Jiya bayan azahar shugaban tasha, Alhaji Isiyaku, ya ce in kai shi ta'aziyya Saji shi da abokansa biyu, daga can mu biya Dawaki dubiya. Ya shiga gidan gaba. Ban ma tayar da mota ba ya miƙa hannu ya zare wayata daga caja ya soka tasa, ko kallona bai yi ba. Haka ake yi. Wanda yake gidan gaba in ya girme ka, igiyar caja tasa ce. Na duba, batir ya fi rabi, na ce a raina ba komai. Sai ya ce, "Ramalan, kunna mana abin nan naka, datata ta ƙare." Na kunna hotsifot. Na baya su ma suka miƙo nasu a saka musu. Tun daga Rano suke kallon bidiyon 'yan siyasa suna zagin juna, su ukun kowa da nasa.

A Saji na bar wayar a gaban mota, na faka a bakin tabarmin da aka shimfiɗa wa maza. Da muka tashi bayan la'asar na ɗauke ta, zafi kamar an ciro ta daga murhu, fuska baƙi ƙirin. Na danna, ba motsi. Na ce, "Alhaji, wayata ta mutu." Ya ce, "Bari tawa ta ƙara kaɗan." Tana ƙara kaɗan har Dawaki, har muka dawo Rano da magariba.

Ina soka ta a caji saƙonni suka shigo. Malama Mas'uda, ma'aikaciyar lafiya ta Kahu, ta yi ta nemana. Ramlatu ce, matar Alu makiyayi da rugarsu take bayan Kahu, naƙuda ta zo mata da jini. Motar Jabiru tana gareji. A babur aka kawo ta, ƙanen Alu yana tuƙi, Malama a baya ta rungume ta, cikin taɓon nan na damina.

Ta haihu, mace. Uwa da 'ya suna da rai. Alhamdulillahi. Wannan ya kamata in fara rubutawa.

Yau da safe a gindin darbejiya, gaban direbobi da 'yan kamasho da mai shayi, Alhaji ya ce an kawo masa ƙara daga Kahu. Ya ce da idonsa ya ga batirin yaron nan ya fi rabi, kuma wayar da aka ajiye ba a taɓa ba ba ta mutuwa tsakanin azahar da la'asar. Ya ce kashe ta na yi don kada a raba ni da tafiyar manya. Ya sa aka ɓare sitikar. Kwamiti zai zauna ƙarshen wata a yanke ko za a cire ni gaba ɗaya.

Na ce, "Alhaji, cajar fa?" Ya ce, "Cajar me? Caja ce ta danna ta?" Aka yi dariya. Na faɗi maganganun da Inna ba za ta so ji ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Duk inda na gifta sai wani ya maƙale murya irin ta matar nan ta kamfanin waya: "Lambar da kake kira a kashe take." Har mai rake. Mai rake, wanda ni nake karanta masa saƙo in an turo masa.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na je asibiti dubiya. Alu yana zaune a baranda, sanda a tsakanin gwiwa. Na gaishe shi ya amsa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi Inna. Na fara bayani ya ce, "Ba komai, direba. Haka Allah ya tsara." Ya mai da ido kan titi.

Da zagina ya yi da na san abin faɗa. Irin su ba sa zagi. Sai su gaishe ka har ka rasa inda za ka ajiye ƙafa.

Na ce in an sallame su ni zan mai da su gida. Ya ce sun riga sun yi magana da wani.

Mutumin nan duk sati sai ya aiko wa Inna da kindirmo ta hannuna.

Asabar, 12 ga Yuli

Na kai wayar wajen Abdulganiyyu mai gyara, a rumfarsa ta bakin tasha. Ya buɗe, ya auna, ya ce batir lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya ma.

Na ce da ka ce ya lalace da na huta. Ya ce, "To ai abu ne mai sauƙi. In kana so in faɗa wa kwamiti ya kumbura, sai in ajiye wani kumburarre in nuna musu. Ga su nan cike da gwangwani."

Na ce a'a. An yi min ƙarya, ba zan wanke ta da wata ƙaryar ba. Ya ce, "To Farfesa, sai ka je ka karanto dalili, tunda kai ko takardar ƙosai ba ka bari."

Zan karanto kuwa.

Lahadi, 13 ga Yuli

Yau ban fita lodi ba. Na zauna a zaure tun hantsi.

Aji huɗu na tsaya a firamare, shekarar da Baba ya rasu. Sauran karatun da kaina na ƙwato shi, daga allunan shaguna, da bayan manyan motoci, da tsofaffin jaridun da ake naɗe tsire. Turancina na tuntuɓe ne, amma yana kai ni inda zan je. In kalma ta tsaya min in sa waya ta juya ta, in ta juya shirme in sake nemowa a wani wuri. Babu direba a tashar nan da zai zauna ya yi abin da na yi yau, kuma ba alfahari ba ne. To, alfahari ne. Sai me.

Abin da na gano, da irin maganata:

Waya ba barci take yi ba don an ajiye ta. Kullum tana magana da ƙarfen sabis. In yana kusa, raɗa take masa. In ya yi nisa ko dutse ya tare, sai ta ɗaga murya, kamar mai kiran ɗan'uwa a tsallaken rafi, kuma ihun nan da batir take yin sa. In kana tuƙi abin ya fi muni, don tana saki wannan ƙarfe tana laluben na gaba, ba ta taɓa zama. Hanyar Saji kuwa ko kiran minti ɗaya sai ka ce "kana jina?" sau nawa.

A kan wannan wahalar aka ɗora mata hotsifot. Wato ta je ta ɗebo daga nesa, ta dawo ta raba wa gida uku, ba hutu. Kuma bidiyo. Kuma da suka sauka suka zauna a tabarma, motar tana bayansu, wayoyinsu suna manne da tawa suna ta jan abin da suke ja a aljihu. Ga rana ta gilashi. An ce zafi kansa yana cinye batir.

Bulutut ɗin da nake haɗa rediyo da shi, da na zata shi ne ɓarawon, ashe ɗan tsakura yake yi. Wayifayi in an bar shi a buɗe shi ma yana ta leƙen gidajen mutane duk inda aka wuce, amma shi ma ba shi ne babba ba.

Na karanta wa Inna. Ta ce, "Duk wannan a cikin abar nan?" Sannan ta ce in tashi in ci abinci.

Litinin, 14 ga Yuli

Yau sunan 'yar Alu. Ba wanda ya aiko min da goro.

Laraba, 16 ga Yuli

Karatu kaɗai ba zai ci da mutanen nan ba, sai sun gani. Na ce da Jabiru ya zama shaida, tunda motarsa har yanzu tana gareji, yana zaman banza yana cin gyaɗar mutane.

Jiya da azahar muka bar batir ya ɗan fi rabi, kamar ranar nan. Na kashe komai, na bar layin kira kawai, na sa wayar a aljihun ƙofa inda ba rana. Muka yi ta jigila Rano zuwa Kibiya har la'asar. Da ƙyar batirin ya motsa. Jabiru ya ce, "Ka ga, maganar Alhaji ta fito." Na ce ka jira gobe, uban 'yan gaggawa.

Yau muka sake. Hotsifot a kunne, wayar Jabiru da ta fasinja biyu suna kallon bidiyo, tawa a gaban mota cikin rana. Muka bi ta wajen duwatsu inda sabis yake wasan ɓuya. Kafin a kira la'asar ta yi ja tana kuka. Jabiru ya taɓa ta ya janye hannu. Ya ce, "Wallahi za a iya soya ƙwai."

Ya ce shi ma tasa ta sha mutuwa a hanya, bai taɓa sanin dalili ba, yana zagin mai shagon da ya sayar masa.

Na ce zai faɗa a gaban kwamiti? Ya ce zai faɗi abin da ya gani, amma kada in sa shi ambatar Alhaji. Yana da 'ya'ya.

Alhamis, 17 ga Yuli

Ta yi ja jiya, amma ba ta mutu ba. Ranar Saji mutuwa ta yi. Abin ya tsaya min, na sake gwadawa ni kaɗai.

Taswira. Wadda nake bari a kunne fuskar waya tana haske, don in ga ɗigon shuɗin nan yana tafiya a kan hanyar da na sani tun ina goye. Fasinja su leƙo su ce, "Direba, mu ne nan?" in ce mu ne. Ranar Saji tana kunne.

Tana ci. Ba kaɗan ba.

Wannan tsakanina da littafin nan. Kuma da cajar tana jiki ai da ba a kai nan ba.

Juma'a, 18 ga Yuli

Bayan an sauko masallaci na tari Alhaji Isiyaku a ƙofar ofis. Na gaishe shi yadda ya kamata, har da rusunawa, Allah ya gani. Na fara yi masa bayanin ƙarfen sabis. Bai bari na kai hotsifot ba ya ɗaga hannu.

"Yaro, ni ban san turancin waya ba. Na san na ga rabi. Ka kai wa kwamiti."

Kwamitin da shi ne kansa, shi ne wuyansa.

Asabar, 19 ga Yuli

Inna ta zaunar da ni. Wai in je gidansa in durƙusa in ce na yi kuskure, a rufe maganar. Ta ce shi da Baba tare suka yi yaran mota, kuma da Baba ya rasu shi ya riƙo hannuna ya kai ni tasha, shi ya tsaya min har aka ba ni mota. Duk gaskiya ne. Ban manta ba.

Na ce, "Inna, in na ce na yi kuskure, na ce na kashe waya mace tana zubar da jini. Haka kike so a riƙa nuna ɗanki?"

Ta ce, "Ni so nake a bar nuna shi gaba ɗaya." Ta ce bakina irin na Baba ne, shi ma bai taɓa cin riba da shi ba.

Ban je ba.

Litinin, 21 ga Yuli

Na kankare rubutun gilashin baya da reza, wanda na sa aka yi min bara: A SHIGO A HAU INTANET KYAUTA. Saboda shi 'yan makaranta suke barin motoci su wuce su jira tawa. Dama rana ta fara cin fentin.

Wata yarinya ta ce, "Direba, ina sabis ɗin?" Na ce ya yi tafiya. Ta ce to ita ma gobe ta yi tafiya a wata motar.

Sitika ba ta jikin gilashi, amma lambata tana wayar Malama Mas'uda. Ba don tana kira ba. Ni dai igiyar caja yanzu na ɗaure ta da roba a jikin wayata.

Alhamis, 24 ga Yuli

Na yau kam sai na rubuta.

Da hantsi na ɗauko lodi daga Rano. A gidan gaba wani dattijo, farar riga, carbi, ban san shi ba. Muna fita gari ya miƙa hannu wajen caja. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, wannan ba a zare ta." Ya kalle ni kamar na mare shi. Ya ce to in kunna masa sabis, an ce motata ce mai yi. Na ce an daina. Ya juya ya faɗa wa na baya cewa 'ya'yan yanzu ba su gaji kunya ba, na baya suka taya shi. Wata mata ta ce ai wannan direban ne ya kashe waya. Na haɗiye. Ni, na haɗiye.

Muna dab da Kibiya wayar ta yi ƙara. Malama Mas'uda.

Ba ta ko gaisa ba. Ta ce, "Ramalan, ban so kiranka ba. Jabiru ya ce motarsa ba ta fito ba. Fanta ce, matar wan Alu, ga tsohon ciki ga jijjiga. Za ka zo ko in nemi babur?"

Na ce ina hanya.

Na taka birki a bakin titi na ce kowa ya sauka, gaggawa ce. Dattijon ya ce ina sitikar da ta ba ni ikon sauke mutane? Na ce, "Baba, tana aljihun wani. Sauka." Na tsayar musu da motar da take bayana, na ce wa direban ya ƙarasa da su.

Hanyar Kahu ruwan jiya ya cinye ta. Wuri guda motar ta zauna a taɓo har ciki, wasu masu noman masara suka bar fartanya suka turo ni, ban ko tsaya godiya ba. Malama tana kira tana ce min in bar hanyar masallaci in bi ta bayan makaranta. Duk kiran da ta yi ya shiga. Sabis yana ɗaukewa yana dawowa, amma wayar tana raye, cike.

Mun kwantar da Fanta a kujerar baya, kanta a cinyar Malama, wata tsohuwa a wajen ƙafa. Mijin yana daji da shanu, Alu ne ya shiga gaba. Ban taɓa tuƙi irin na yau ba, kuma ban taɓa lallaɓa rami irin na yau ba, duka biyun lokaci guda. Daga hanya Malama ta karɓi wayata ta kira asibiti, tata ta kusa mutuwa. Muna isa suna tsaye da gadon turawa.

An yi mata aiki. Namiji. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Ba ni na faɗa ba, likita ne.

Muna zaune a baranda ni da Alu, wuri guda da na ranar nan. Ya fito da 'yar ƙaramar wayarsa zai kira wansa, ta mutu. Ya juya ta a hannu. A mota ma na ga ya kalli igiyar cajar ya kau da kai. Na tashi na je mota na kwance robar na soka masa tasa.

Can ya ce, "Direba, ranar nan me ya faru?"

Na faɗa masa duka. Da ƙarfen sabis, da gida uku, da rana. Taswirar ma ta fito, ban san lokacin da ta fito ba. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba. Shi ne mutum na farko da ya bari na kai ƙarshe.

Ya ce, "Na ji. Ni na yarda." Sannan ya ce, "Amma a Kahu ba haka aka ji ba. Mata sun ce kada a ƙara ba da lambarka. Yau ma sai da Malama ta yi faɗa da tsohuwar nan."

Wato da tsohuwar ta fi ta baki, da babur za a nema.

Juma'a, 25 ga Yuli

Tasha tsit. Ba mai maƙale murya. Mai rake ya miƙo min guda ya ce in ɗanɗana, na bana ne. Na karɓa, don raken ba shi da laifi.

Jabiru ya ba da labarin gwajinmu a wajen mai shayi, ya ƙara gishiri, wai har ƙwan muka soya. Na ga direbobi biyu suna laluben inda ake kashe hotsifot. Ɗaya ya zo a ɓoye in nuna masa. Na nuna masa a fili.

Lahadi, 27 ga Yuli

Alhaji Isiyaku ya aiko in same shi a gida bayan la'asar. Aka kawo min fura. Ya tambayi Inna. Ya yi maganar Baba, yadda suka taɓa kwana a daji da mota a hanyar Tudun Wada suna cin ɗanyar gyaɗa. Na kusa dariya, na tuna abin da ya kawo ni.

Sannan ya zaro sitikar daga aljihu, sabuwa ma, ya ajiye a tabarma. Ya ce, "Ka manna. An fasa zaman kwamiti. Magana ta wuce."

Na ce, "Alhaji, ta wuce ina?"

Ya ce kada in zama yaro. Ya ce ya ji abin da Jabiru yake faɗa, ƙila akwai gaskiya a ciki, shi bai san waya tana haka ba. Amma shugaba ba ya tsayawa gaban 'yan kamasho ya ce ya yi kuskure, gobe ba mai jin maganarsa, tasha ta watse. Ya ce, "Tsakanina da kai ai an gama. Me kake nema kuma?"

Na ce a gindin darbejiya aka ce na kashe waya, kuma daga can maganar ta hau mota ta tafi Kahu. Wadda aka yi a zaure ba ta da motar da za ta hau.

Ya ce bakina zai kai ni inda ba na so. Na ce ya riga ya kai ni, na dawo.

Na ɗauki sitikar don kada in bar ta a tabarmar dattijo. Tana cikin akwatin gaban mota. Ban manna ba.

Da zan fita na ga wata 'yar fawa banki ta cajin waya, sabuwa, a gefen carbinsa, ko ledar ba a gama cirewa ba.

Litinin, 28 ga Yuli

Kindirmo ya dawo. Inna ta ce, "To ba shi ke nan ba?" Ba shi ke nan ba. Alu mutum ɗaya ne, rugagen bayan Kahu kuwa ba su ƙirguwa, kuma damina ba ta ko raba ba.

Talata, 29 ga Yuli

Motar shiru take yanzu. Ba rediyo, ba ɗigon shuɗi. Ashe akwai wata ƙara a ƙafar baya ta hagu da ban taɓa ji ba, gobe zan kai a duba. Fasinja suna hira da ni, wasu ma ba laifi.

Na sayi caja mai baki biyu a wajen Abdulganiyyu. Ɗaya nawa, a ɗaure. Ɗaya na duk wanda ya zauna a gaba. Ba don kowa na saya ba, fuskar dattijon nan mai farar riga ce ta ƙi barina. Abdulganiyyu ya ce da na yi haka tun bara da duk ba a sha wannan ba. Na ce ba a tambaye shi ba.

Ranar Alhamis da safe, lokacin da kwamiti ya kamata ya zauna, zan faka a gindin darbejiya. Jabiru ya ce zai zo ya tsaya daga nesa. Malama Mas'uda ta ce in an yi magana in kira ta in sa a sifika, za ta tara matan a ɗakin awo su ji da kunnensu. Ba zan ɗaga murya ba, na yi wa Inna alkawari. In aka tambaye ni abin da na bari a kunne ranar nan zan faɗa, ba wani abu ba ne. Ba na neman Alhaji ya ce ya tuba, ba na neman ya sauka daga kujera. Hannun da ya kai ni tasha ne, na sani.

Amma matan Kahu suna jiran su san ko za a kira lambata, kuma ba daga bakina za su yarda ba.

Alhaji Isiyaku, wa ya zare cajar a hanyar Saji? Wayoyin su wa suka manne a jikin tawa daga azahar zuwa la'asar? Da na ce maka ta mutu, me ka ce min? A gaban mutane ka faɗi waccan. Ka zo gaban mutanen ka amsa wannan.